Mutunci Madara Ne: Shugabanninmu, Yaƙi da Sunan Nijeriya a Waje

Masu iya magana sun ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Ni da ba da Hausa na fara buɗe baki ba, na daɗe ina juya wannan karin magana a raina. A gidanmu da ke Zugurma, cikin ƙaramar hukumar Mashegu ta masarautar Kwantagora, da Kambarci muke magana. Hausa kuwa a kasuwa da wurin wasa da bakin rediyon mahaifina na tsince ta. Wanda ya koyi harshe daga baya yakan tsaya a kan kalmomin da masu harshen ke wucewa ba su waiwaya ba. Haka na tsaya a kan kalmomi biyu, wato suna da mutunci. Na lura cewa suna ana iya sayensa: ka cika wa maroƙi hannu, yau ɗin nan zai wasa ka har ka manta da kanka. Mutunci kuwa jama'a ne ke ba mutum shi, bayan sun ga yadda yake riƙe da waɗanda ke ƙarƙashinsa. Da waɗannan kalmomi biyu nake so, ya kai mai karatu, mu auna shugabannin ƙasarmu a wannan yaƙi da aka shafe fiye da shekara 15 ana gwabzawa a Arewa.

Bari mu fara da Shugaba Goodluck Jonathan, domin a zamaninsa ne duniya ta juyo da idonta kanmu. A watan Mayun 2013 ya kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Borno da Yobe da Adamawa. Duk da wannan doka, a daren 14 ga Afrilun 2014 'yan Boko Haram suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Chibok suka kwashe ɗalibai 276. Da safiyar wannan rana kuma bam ya tashi a tashar motar Nyanya da ke gefen Abuja, ya hallaka mutum sama da 70. Shugaban ya je Nyanya ya duba, wannan gaskiya ne. To amma washegari sai ga shi a Kano wurin gangamin jam'iyyarsa ta PDP, ana kiɗa yana taka rawa. A ranar 16 ga wata hedikwatar tsaro ta sanar da cewa an ceto 'yan matan in ban da 8. Da iyaye da shugabar makarantar suka ƙaryata, sai aka janye maganar. Shi kuwa shugaban ƙasa bai yi wa 'yan ƙasa magana a fili a kan lamarin ba sai ranar 4 ga Mayu, kusan mako uku ke nan.

Lokacin ina firamare, amma ban manta da abin da dattawan unguwarmu suka riƙa nanatawa ba idan an gama sauraron labaran BBC. Ba ruwansu da lissafin bindigogi da jiragen yaƙi. Tambayarsu guda ce: ya je jaje? A wurinmu, ko kai Bakambare ne ko Banufe ko Bahaushe, idan gobara ta ci rumbun mutum, mai gari yakan taka da ƙafarsa ya je ya ce sannu. Zuwan nasa ba zai dawo da dawar da ta ƙone ba, amma yana shaida wa mai rumbun cewa shi mutum ne a garin. Jonathan bai je Chibok a wancan lokaci ba. A ranar 17 ga Mayu yana birnin Paris wurin taron tsaro da Shugaba François Hollande na Faransa ya kira. Iyayen yaran kuwa bai gana da su ba sai ranar 22 ga Yuli, bayan da Malala Yousafzai, yarinya 'yar shekara 17 daga Pakistan, ta zo Abuja ta roƙe shi. Ashe ke nan sai da baƙuwa ta tuna wa mai gida hanyar gidan makoki.

Kafin nan magana ta riga ta game duniya. Gangamin neman a dawo da 'yan matan ya tashi daga Abuja ya isa manyan biranen duniya, har uwargidan shugaban Amurka na lokacin, Michelle Obama, ta ɗaga kwali mai ɗauke da wannan kira. Me gwamnati ta yi? A watan Yunin 2014 ta ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 1.2 da kamfanin Levick na birnin Washington domin ya gyara mata suna a jaridun waje. Wannan shi ne maroƙin zamani, bambancin kawai shi kwat yake sawa. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. A watan Satumba hukumomin Afirka ta Kudu suka kama tsabar kuɗi dala miliyan 9.3 a cikin wani jirgin sama da ya taso daga Nijeriya, aka ce na sayen makamai ne. A watan Janairun 2015 Boko Haram ta ƙwace Baga ta yi kisan gilla. A cikin wannan makon aka kai hari kan jaridar Charlie Hebdo a Paris. Nan da nan shugabanmu ya aika wa Faransa da ta'aziyya, a kan Baga kuwa ya yi gum na kwanaki. Jaridun duniya ba su bar wannan ya wuce ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne idan aka tuna ko wace ce Nijeriya a da. Sojojinmu ne ƙashin bayan rundunar ECOMOG da ta shiga Laberiya a 1990, su ne kuma suka mayar da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan kujerarsa a Saliyo a 1998. Sai ga shi a farkon 2015 sojojin Chadi ne suka ƙwato mana Gamboru da Dikwa, suka kuma haɗu da na Nijar suka ƙwato Damasak. Har zaɓen ƙasa sai da aka ɗaga shi daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris saboda rashin tsaro. Babban yaya ya koma ƙannensa ke goya shi.

Amma adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. A ranar 31 ga Maris na 2015, tun kafin a gama bayyana sakamakon zaɓe, Jonathan ya ɗaga waya ya taya Janar Muhammadu Buhari murna. Wannan kira na 'yan mintoci ya ɗaga darajar Nijeriya a idon duniya fiye da duk abin da kamfanin Levick ya rubuta, kuma ko sisin kwabo ba a biya kowa ba. Dalili kuwa a fili yake: a ranar ya fifita ran talaka a kan kujerarsa. Wannan ne ya tabbatar mini cewa mutuncin ƙasa a waje inuwa ce ta yadda shugaba ke ɗaukar ran mutanensa a gida. Idan itace ya karkace, inuwarsa ba za ta miƙe ba.

Kada wani ya zaci matsalar ta mutum ɗaya ce ko ta jam'iyya ɗaya. Marigayi Shugaba Buhari ya hau mulki da alkawarin tsaro, kuma jama'ar yankinmu da dama sun zaɓe shi saboda shi soja ne. A watan Disambar 2015 ya shaida wa BBC cewa a lissafin soja an riga an ci yaƙin. Bayan wannan magana aka kwashe 'yan mata 110 a Dapchi a watan Fabrairun 2018. Nan kam ya je ya ga iyayen. Amma a watan Disambar 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara, alhali yana hutu a Daura cikin jihar guda, bai kuma taka zuwa garin ba.

Daga nan wutar ta iso jiharmu ta Neja. A ranar 17 ga Fabrairun 2021 aka ɗauke mutum 42 daga kwalejin kimiyya ta Kagara, 27 daga cikinsu ɗalibai. A watan Afrilu Gwamna Abubakar Sani Bello ya faɗa da bakinsa cewa Boko Haram ta kafa tuta a Kaure cikin ƙaramar hukumar Shiroro. A ranar 30 ga Mayu aka kwashe yara fiye da 100 daga wata Islamiyya a Tegina, wasunsu ba su wuce shekara 5 ko 6 ba. Ka dubi abin da ya biyo baya, ya kai mai karatu. A ranar 2 ga Yuni kamfanin Twitter, wanda yanzu ake kira X, ya goge wani saƙon shugaban ƙasa. Kwana biyu kacal gwamnati ta sanar da dakatar da shafin a Nijeriya, bai dawo ba sai Janairun 2022. Yaran Tegina kuwa sai da suka kusa wata uku a daji, ba su fito ba sai ƙarshen Agusta, kuma ba duka suka dawo da rai ba. Duk wanda ke kallonmu daga waje ya ga abin da ya fi saurin tayar da gwamnatinmu daga zaune.

A watan Oktoban wannan shekara ta 2021 abin ya taɓa ƙaramar hukumarmu. 'Yan bindiga suka faɗa masallacin ƙauyen Maza-Kuka ana sallar Asuba suka kashe mutum 18. Tun daga lokacin, duk sa'ad da zan tafi gida hutu sai mahaifiyata ta yi ta kira tana tambayar inda motarmu ta kai, ba ta samun sukuni sai ta ji sallamata. Dajin da ke kewaye da mu wani sashe ne na gandun dajin ƙasa na Tafkin Kainji. A da idan na ce daga Zugurma nake, abokaina kan tambaye ni labarin namun daji. Yanzu tambayar da suke yi ita ce ko hanya tana biyuwa.

Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A zamanin Shugaba Bola Tinubu mun ga fassarar wannan magana ƙiri-ƙiri. A ranar 31 ga Oktoban 2025 Shugaba Donald Trump na Amurka ya sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ya ce ana tauye 'yancin addini, washegari kuma ya yi barazanar turo soja, yana mai kiranta ƙasar da mutuncinta ya zube. Mako uku bayan haka, ranar 21 ga Nuwamba, aka kwashe yara da malamai sama da 200 daga makarantar Katolika ta Papiri a ƙaramar hukumar Agwara, nan cikin jiharmu. A ranar 25 ga Disamba Amurka ta kai hari ta sama a jihar Sakkwato, gwamnatinmu ta ce da saninta aka yi. Mu da ke zaune a wurin mun san labarin da ake bayarwa a waje rabi ne. Yaran Tegina 'yan Islamiyya ne, na Papiri 'yan makarantar coci ne, masallatan Maza-Kuka Musulmi ne, harsashi bai tambayi kowa addininsa ba. Amma gwamnatocin da suka shafe shekaru suna rage adadin gawarwaki suna cewa komai lafiya, ranar da suka zo faɗin gaskiya wa zai saurare su? Wanda ya ƙi ba da labarin gidansa yadda yake, maƙwabci zai ba da shi yadda ya ga dama.

Na san akwai masu cewa irin wannan suka tonon asirin gida ne, kuma masu yin ta su ne ke ɓata sunan ƙasa. Wasu kuma za su ce yaƙin sari-ka-noƙe yana da wuya, ko Amurka da ƙarfinta ta yi shekara 20 a Afganistan ta fita a 2021 ba ta ci nasara ba. Maganar wuyar yaƙi gaskiya ce, kuma ba na raina jinin sojojinmu da ya zuba a Shiroro da Borno. Ba wanda ya ce shugaba ya ɗauki bindiga ya shiga daji. Amma akwai abubuwa uku da ba sa buƙatar jirgin yaƙi: ya faɗi gaskiyar abin da ya faru tun ranar farko, ya taka ya je wurin waɗanda abin ya shafa, ya kuma hukunta duk wanda ya ci kuɗin makamai ko ya yi sakaci da aikinsa. Game da tonon asiri kuwa, uwar da ke kuka a Chibok ko Tegina ba ita ta zubar da madarar ba. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Daga ƙarshe, ina kira gare mu 'yan'uwana ɗaliban harshe. Daga cikinmu ne za a samu masu fassara labarai a gidajen rediyo da masu rubuta wa gwamnoni da ministoci jawabi. Wata rana za a miƙo wa ɗayanmu takarda a ce ya mayar da ita Hausa, a ciki an rubuta cewa an shawo kan lamarin, alhali ya san a ƙauyensu ba a yi noma bana ba. A ranar zai zaɓa tsakanin aikin maroƙi da aikin mai faɗin gaskiya. Harshen da muke karanta ya riga ya bambanta mana suna da mutunci, saura mu riƙe bambancin a bakin aiki.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, ya dawo da waɗanda har yanzu suke hannun miyagu, ya ba shugabanninmu zuciyar jin kukan talaka, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.