Ina Kanannadon Baba?



Shekara talatin ke nan ina sayar da wake a kasuwar Bodija, amma ran Talata wata Bayarabiya da ta daɗe tana ciniki a wurina ta ƙure ni. Ta ɗebi waken a hannu ta ce, "Alaji, wannan na gargajiya ne ko wanda aka sauya wa halitta?" Wallahi na rasa ta cewa. Buhu dai daga Dawanau ya zo, ba a rubuta komai a jikinsa ba. Ga ni mai jan mutane salla, ina yi musu wa'azi kan amanar ciniki, amma ban san abin da nake aunawa ba.

Bayan isha'i na kira ƙanena a ƙauye. Ya ce shi kam ya koma shuka Sampea 20-T, wanda cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar a 2019. Tsutsar da ke huda kwanson wake ba ta yi masa ɓarna, feshi biyu ya isa maimakon shida ko fiye, ga shi yana nuna da wuri. Ban ga laifinsa ba. Mutum mai 'ya'ya tara, ga tsadar maganin feshi.

Sai na ce, "To ina Kanannadon Baba?" Ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, ai bara muka cinye ragowar."

Nan jikina ya yi sanyi. Irin nan Baba ya gaje shi ne wurin kakanmu, a tulu yake ajiye shi cikin toka. Yana jinkirin nuna, amma ƙwayarsa manya, kuma harawarsa ce ke riƙe tumaki har damina. Wa ya sayar? Ba kowa. Sakaci ne kawai. Haka rizga da tumuku suka yi wuya, yaranmu na nan Ibadan ko sunansu ba su sani ba. Yanzu kuma ga masarar TELA ta fito tun 2024.

Na tura masa kuɗin tiya ɗaya, ya nemo Kanannado wurin tsofaffi, ya ware masa kunya goma duk shekara, asarar a kaina.

Ku ma in kun kira gida, ku tambayi irin gidanku. 'Yan'uwana 'yan kasuwa kuma mu riƙa tambayar dillalai abin da ke cikin buhu. Matar nan za ta dawo ran Talata, ina so in ba ta amsar gaskiya.

Allah Ya sa mu dace.