Wanda Yake Jiran Kira Bai Huta Ba

Ban san irin aikin da kake yi ba, amma ina zaton akwai wani mutum wanda barcinsa yake hannunka. Wataƙila direba ne, ko yarinyar da take taya uwargidanka aiki, ko mai gadin ƙofa, ko kuwa faston ikilisiyarku, wanda kowa yake da lambar wayarsa. Ni dai na yi shekaru ina riƙe da barcin wani bawan Allah ban sani ba, sai da wani saurayi matuƙin jirgin sama ya buɗe mini ido, shi ma ba da niyya ba.

Ɗan ƙanwata ne. Ya yi karatu a Amurka, can kuma ya sami aiki da wani kamfanin jiragen shata, irin ƙananan jiragen alfarma da suke ɗaukar mutum shida ko takwas. Attajiri ya ɗaga waya ya ce gobe da asuba yana so ya karya kumallo a wani gari, a kawo masa jirgi. Manyan jiragen fasinja suna da lokacin tashi wanda aka buga tun watanni kafin ranar, amma waɗannan lokacinsu shi ne lokacin da mai kuɗi ya ga dama. Ɗana yakan yi kwana takwas a bakin aiki, shida a gida, kuma a cikin takwas ɗin nan sau da yawa bai san garin da zai kwana ba sai rana ta yi tsaka. Ya ce yakan daɗe zaune a Teterboro, filin da yawancin irin waɗannan jirage suke sauka idan za a shiga New York, yana jiran fasinjan da ya ce ƙarfe uku, bai iso ba sai bakwai.

Da ya zo gida bikin Kirsimeti, muna zaune a tsakar gida bayan cin tuwo, sai na yi masa ba'a. Na ce, ku kam kun huta, aikinku zama ne a kan kujera mai laushi, ku kwana a otal. Ya yi dariya ya ce, “Kawu, bari in lissafa maka awa goma.”

Ga abin da ya bayyana mini. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka, wadda ake kira FAA, ta yanke wa matuƙan jiragen shata iyaka. Idan matuƙi ɗaya ne a jirgi, kada ya wuce awa 8 a sama cikin awa 24; idan su biyu ne, awa 10. Kuma duk lokacin da za a kammala tafiya, dole idan aka waiwaya baya awa 24 a iske matuƙin ya sami hutun awa 10 a jere, wato a aikace yinin aikinsa ba zai wuce awa 14 ba. A shekara kada ya wuce awa 1,400 a sama, a kowane wata uku kuma a ba shi aƙalla hutu 13 na cikakkun awa 24. Na ce to, ai awa goma barci ne har da ragi. Ya ce a cikin goman nan ne zai jira motar otal, ya nemi abinci a garin da shaguna suka riga suka rufe, ya yi wanka, ya goge rigar gobe, ya kira matarsa, sa'an nan da safe ya sake shiga mota zuwa filin jirgi. Abin da yakan rage wa ido shida ne ko bakwai, idan har barcin ya yarda ya zo. Gama wanda ya sauka ƙarfe biyun rana aka ce masa zai tashi sha biyun dare, an ba shi awa goma a takarda, amma jikinsa bai san da wannan takarda ba. Mafi nauyin barcin ɗan adam yana tsakanin ƙarfe biyu da shida na asuba, kuma a lokacin ne zai kasance a sama.

Amma abin da ya tsaya mini a rai wani ne dabam. Ya ce hukumar ta sha fassara abin da take nufi da hutu, ta kafa masa sharuɗɗa uku: a sanar da mutum tun kafin ya fara cewa daga ƙarfe kaza zuwa kaza hutunsa ne, kada a gutsuntsuna shi, kuma a cikinsa kada wani nauyin aiki ya rataya a wuyansa. Saboda haka matuƙin da aka ce ya zauna a gida ya jira kira, ko da wayar ba ta yi ƙara ba yini guda, ba a lissafa masa cewa ya huta. Kamfani ba shi da ikon ya waiwaya da yamma ya ce, tun da ba mu kira ka ba, ai ka huta ke nan. Wanda kunnensa yake kan waya a bakin aiki yake, ko da yana kwance a gadonsa.

Waɗannan dokoki da kaburbura aka saye su. A ranar 31 ga Yuli 2008, wani ƙaramin jirgin shata ƙirar Hawker 800 ya tashi da sassafe daga Atlantic City zuwa garin Owatonna a jihar Minnesota. Ya sauka a kan jiƙaƙƙen titi, matuƙin ya ga ba zai tsaya ba, sai ya yi ƙoƙarin sake tashi bayan lokacin yin haka ya wuce. Mutum takwas ne a ciki, ba wanda ya tsira. Masu bincike sun lissafa gajiya a cikin abubuwan da suka raunana hukuncin matuƙan biyu. Wata shida da 'yan kwanaki bayan haka, ranar 12 ga Fabrairu 2009, wani jirgin fasinja ya faɗi kusa da Buffalo, mutum 50 suka mutu, aka kuma gano cewa mataimakiyar matuƙin ta kwana a hanya ne daga wancan gefen ƙasar domin ta iso bakin aiki. Bayan wannan ne aka yi sabuwar doka wadda ta fara aiki a Janairun 2014, ta ce a cikin awa goman dole a sami damar barcin awa 8 ba yankewa, kuma kafin kowace tafiya matuƙi ya tabbatar da kansa cewa yana da ƙarfin yin ta. Sai dai manyan kamfanonin fasinja dokar ta shafa. Jiragen shata suna nan kan tsohuwar, wanda kuwa attajiri ya ɗauka ya tuƙa masa jirginsa na kansa, ba wani adadin awoyi da doka ta yanke masa. Hutunsa ya dogara ga tsarin gidan da yake yi wa aiki da kuma tausayin maigida.

Na tambaye shi ko ya taɓa ƙin tashi. Ya ce sau biyu. Na biyun, fasinjan ya tsaya a gabansa da jaka a hannu, ya tambaye shi ko ya san nawa aka biya. Ya ce, “Kawu, hannuna yana rawa sa'ad da nake ba shi haƙuri. Amma idan na yi ƙarya na ce lafiyata ƙalau, da ransa zan yi ƙaryar.”

Ban iya barci a daren nan ba, kuma ba don jirage ba.

Shekaru da yawa kafin wannan hira, ina hidimar zagaya ikilisiyoyin gunduma, an haɗa ni da wani direba, dattijo mai ƙarancin magana. Wata Asabar muka tashi ƙarfe huɗu na asuba zuwa babban taro a wani gari mai nisa. Ni na shiga taro, shi kuma na ce ya zauna kusa da mota ko zan bukace shi. Na kuwa bukace shi: ya kwaso kujeru, ya ɗauko 'yan zumuntar mata daga tasha, ya koma neman man janareta. Tsakanin aike da aike yana zaune a inuwa, ni kuwa a zuciyata na lissafa masa wannan zama a matsayin hutu. Aka shiga addu'ar dare, ba a tashi ba sai wajen ƙarfe ɗaya. Ina da wa'azi a gida da safe. Ya matso kusa da ni ya rage murya ya ce, “Baba, da mun kwana, mu yi sammako.” Na dafa kafaɗarsa na ce masa Ubangiji zai ba shi ƙarfi. Na shiga kujerar baya, kafin mu fita gari barci ya kwashe ni.

Ƙarar karan dawa a jikin mota ce ta tashe ni. Mun bar hanya, mun ratsa gonar wani, muka tsaya a jikin tudun gara. Ni ko ƙwarzane ban yi ba. Shi ya karye a ƙashin wuyan kafaɗa, wata uku bai riƙe sitiyari ba. Ran Lahadi ta gaba na tsaya a gaban jama'a na ba da shaida cewa Magabci ya kai mana hari a hanya, Ubangiji kuwa ya cece mu. Jama'a suka yi waƙar yabo. Rabin shaidar gaskiya ne, gama Ubangiji ya cece mu. Amma mutumin ya yi awa 21 idonsa biyu sa'ad da na sa shi kama hanya, kuma ni ne na sa shi. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 ba barci, hankalinsa da saurin hannunsa sukan ragu kamar na wanda ya sha giya. Da ya zo mini yana warin burkutu, da ban ba shi makulli ba. Ya zo mini da gajiya, na ba shi aya.

Ka buɗe Maimaitawar Shari'a sura 5, ka karanta dokar Asabar a hankali, daga aya 12 zuwa 15. A Fitowa sura 20 dalilin da aka bayar shi ne Allah ya huta bayan halitta. A nan kuwa Musa ya ba da wani dalili: su tuna su ma bayi ne a Masar. Ya kuma jera waɗanda dokar ta rufe, 'ya'ya, da barori maza da mata, da sa, da jaki, da baƙon da yake zaune a garin. Ka lura da wanda ake yi wa magana. Bara ba shi da ikon ba kansa hutu, jaki kuwa balle. Maigida ake umarta, domin a hannunsa hutun yake. Na yi wa'azi a kan Asabar ba sau ɗaya ba, kullum ina faɗa wa mutane su zo sujada, kada su je kasuwa. Ban taɓa tsayawa a kan jakin ba.

Asabar kuma tana da siffofin nan uku da ɗana ya lissafa mini, tun kafin a ƙera jirgi. An san ranarta tun da wuri, har manna ma ninki biyu ake tarawa a rana ta shida saboda ita. Ba a yanka ta gunduwa-gunduwa a raba cikin mako. Kuma ba a ce bara ya huta har sai maigida ya bukace shi ba.

Na sani za ka ce mini aikin Ubangiji dabam ne, kuma manzo Bulus da kansa ya ambaci rashin barci a cikin wahalolin da ya sha. Haka ne. Akwai daren da ya cancanci a hana ido barci, kamar na Getsamani, kuma ba ina cewa a daina addu'ar dare ba. Amma Bulus nasa barcin ya bayar. Ni na wani na bayar, na kuma kwanta a kujerar baya.

Dubi kuma yadda Allah ya bi da Iliya a 1 Sarakuna sura 19. Annabin ya fito daga gwagwarmayar Dutsen Karmel, ya gudu daga Yezebel har Biyer-sheba, ya ƙara tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin wani ɗan itace yana roƙon mutuwa. Da ni ne na same shi a can, da na fara da tsawatawa a kan rashin bangaskiya. Mala'ikan ya bar shi ya yi barci, ya tashe shi ya ci gurasa ya sha ruwa, ya bar shi ya sake kwanciya, ya sake ciyar da shi. Tambayar abin da ya kawo shi ba ta zo ba sai a Horeb, bayan kwana 40. Wanda ya yi mu daga ƙurar ƙasa ya san abin da ƙura take iya ɗauka. Ubangijinmu Yesu ma, a Markus sura 4, ya sa kai a kan matashi a ƙarshen jirgin ruwa ya yi barcin da hadiri bai tashe shi ba. Mai Zabura ya ce mai tsaron Isra'ila ne kaɗai ba ya gyangyaɗi, mu kuwa muna so direbobinmu, da fastocinmu, da matanmu su ɗauki wannan siffa tasa.

Faston ƙauye ne ya fi ba ni tausayi a nan. An ce Litinin ranar hutunsa ce, amma wayarsa a kunne take, kuma wanda ya ƙi amsawa za a kai ƙararsa gaban dattawa. Da ma'aunin matuƙan jirgi, akwai masu hidima a cikinmu da suka yi shekara goma ba su huta ko yini ɗaya ba. Idan ɗayansu ya bar hanya, a cikin fushi, ko a cikin zunubi, ko a gadon asibiti, mukan ce Magabci ne, mu yi waƙa.

Bayan sabuwar shekara na nemi gidan tsohon direbana. Ya daina tuƙi, yana kiwon kaji a bayan gida. Ya shimfiɗa mini tabarma, matarsa ta kawo kunu. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na ce masa na zo neman gafara ne a kan daren nan, domin ya faɗa mini gaskiya na ƙi ji, na kuma bar mutane suna ganin shi ne ya yi sakaci. Ya yi shiru yana murza kafaɗar, wadda har yanzu takan dame shi da sanyin hunturu. Sa'an nan ya ce, “Baba, na yafe tun a asibiti. Abin da ya fi mini ciwo shi ne ranar shaidar nan, ina zaune a benci na uku.”

Na roƙi fastonmu ya ba ni minti biyar ran Lahadi mai zuwa, lokacin shaida. Dattijon ya zo, ya zauna a benci na uku.