Marka a gonar inabi

'Yar'uwa, inabin nan da kike saya wa yara a bakin titi lokacin sanyi, ba duka ne daga ƙasar waje ba. Akwai na Kudan, nan kusa da Zariya, inda mu ma muke da 'yar gonarmu. Da sanyi ake tsinkarsa, amma a watan Agusta ake sanin ko za a samu.

Inabi yana son ruwa, kwanciyar ruwa ce ba ya so. Saiwarsa tana numfashi, in ruwa ya kwanta a gindinsa kwana da kwanaki sai ta shaƙe ta fara ruɓewa, ganye ya yi rawaya. Masara in ta lalace a sake shukawa baɗi. Shi kuwa shekaru aka yi ana renonsa, ga kuɗin dirkoki da wayar da aka yi masa rumfa. Shi ya sa in aka kwana ana sheƙa ruwa, maigida ko koko ba ya tsayawa sha, sai ya saɓi shebur ya tafi buɗe magudanai. Ba a yawan tattaka tsakanin layuka kuma, don jiƙaƙƙiyar ƙasa in ta danƙare ba ta ƙara tsotse ruwa.

Bayan ruwan ya janye sai a koma juya ganye. In kika ga tabo kamar na mai a samansa, ƙarƙashinsa kuma fari-fari kamar fumfuna, cuta ta shigo, kuma laima ce abincinta. A rage ganyen da ya cunkushe iska ta ratsa, a yi feshi ranar da sama ta washe. Maganin ba arha ba; sau da yawa daga kuɗin adashena yake fitowa, kuma ba na jin ciwon hakan, tunda kuɗin makarantar Janairu a jikin rassan nan yake rataye.

Inda ba na sassauci shi ne yara. Su a wurinsu magudana cike da ruwa wurin wasa ce, alhali ruwan da bai wuce gwiwar babba ba yana iya ɗauke ƙaramin yaro. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi babu wanda zai kai wa babansu abinci gona, ko zai yi kuka ya gaji. Ni nake kaiwa, in bar su wurin kakarsu.