Na Biya Kuɗin Ƙarfi, Aka Ba Ni Ƙara

Tun ranar 29 ga watan Mayu na 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, lita kuma ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta doshi naira 500 cikin 'yan kwanaki, duk mai mota a nan Ikko ya zama mai neman dabara. Ni ma ban tsira ba. Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2006, ta hannu na saya, ita ke kai ni ofis daga Agege, ita ke kai yara makaranta, ita ce kuma ke kai mu gida in salla ta zo. Ina cikin wannan hali na ƙidayar kowace lita sai wani saurayi mai sayar da kayan mota ya nuna mini wani bututun ƙarfe mai walƙiya, da wata jar matata a bakinsa kamar hular dara. Ya ce in aka cire baƙin akwatin robar nan da kamfani ya sa wa injin aka ɗaura wannan, mota za ta shaƙi iska son ranta, ƙarfi ya ƙaru, shan mai ya ragu. Ya ce, "Yallaɓai, ai yanzu motarka da mura take tafiya."

Maganar ta shige ni, domin kuwa tana da ƙamshin gaskiya. Inji ya fi cin iska a kan mai nesa ba kusa ba. Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone sarai sai ya gamu da iska kilo 14.7, watau kowace lita guda tana bukatar iska kimanin lita 9,000, cikin duro 45 ke nan. Wanda kuma ya taɓa hawa Jos da mota ya san haka a jikinsa, gama garin yana bisa kimanin mita 1,200 daga bakin teku, iskarsa ba ta da kauri, sai ka ji motar da ke tsalle a Ikko tana nishi a kan tudu. To, in ƙarancin iska na rage ƙarfi, me zai hana yalwarta ta ƙara shi? Da wannan lissafi na zaro kuɗi na biya, aka ɗaura, tsohon akwatin kuwa na bar wa yaran wurin.

Ranar farko na ji kamar an sauya mini mota. Da na taka totur sai ta yi ruri, maƙwabta suka leƙo, ɗiyata ta tafa. Mako biyu ina yabon abin a ofis, har na kusa jawo wani abokin aikina.

Sai dai ni ɗan jarida ne, ina da ɗabi'ar rubuta abu, kuma tun da mai ya yi tsada na ajiye ɗan littafi a mota ina rubuta lita da kilomita. Bayan wata guda littafin ya ce shan mai bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi kaɗan. Bugu da ƙari, da tsakar rana a cunkoson Ikeja, in an kunna iyakwandishan, sai motar ta riƙa yin nauyi wajen tashi, tana ihu amma ba ta gaba.

Na kai ta wurin wani dattijon bakanike, mutumin Kano, wanda ya fara sana'a tun zamanin da ake harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna. Ya buɗe bonet ya yi shiru, sa'an nan ya kama hannuna ya ɗora kan bututun. Na fizge don zafi.

Ya ce, "To ka ji, ɗana. Akwatin da ka zubar daga waje yake jawo iska. Wannan kuwa a cikin ɗakin girki ka dasa shi, bayan lagireto, yana shan hucin inji."

Abin da Baba yake nufi shi ne, iska in ta yi zafi buɗewa take yi, kowane ƙarin digiri 3 na zafi yana rage mata kauri da kimanin kashi 1 cikin 100. In iskar da ke ƙarƙashin bonet ta fi ta waje da digiri 30, ashe inji ya yi asarar wajen kashi 10 cikin 100 na abin da yake shaƙa. Ƙwaƙwalwar motar kuma tana auna zafin, in ta ga ya yi yawa sai ta jinkirta tartsatsin fulogi don kada injin ya riƙa ƙwanƙwasa, ƙarfi ya ƙara sauka.

Amma bayanin da ya fi tsaya mini a rai na biyun ne. Baba ya nuna mini wani ɗan faifai a maƙogwaron injin, wanda ke buɗewa in an taka totur. Ya ce, "Daga Agege zuwa ofishinku, sau nawa kake take totur har ƙasa?" Na ce da wuya. Ya ce, "To muddin ba ka take ba, ƙofar nan a sakaye take. Wanda ya sakaya ƙofar ɗaki, me faɗin ƙofar zaure zai ƙara masa?" Watau a tafiyar yau da kullum, inda injin ke juyi 2,000 ko ƙasa a minti, ƙafar direba ce ke taƙaita iska. Sai an take totur duka, juyi ya doshi 6,000, matata ke zama abin lura, a nan ma abin da ake samu a ƙaramin inji irin nawa bai wuce ƙarfin 'yan dawakai ba. Har ila yau, tsawon bututun kamfani da 'yan kumbure-kumburen da ke jikinsa ba ado ba ne: suna kashe ƙara, kuma an auna su ne don injin ya cika da iska a ƙaramin juyi, inda mota ke bukatar ƙarfin tashi. Gajeren bututu mai faɗi yakan ɗebi ƙarfi daga ƙasa ya kai sama, inda ni ban cika zuwa ba.

Batun mai kuwa, daga baya na karanta cewa a 2009 masana a cibiyar bincike ta Oak Ridge da ke Amurka sun gwada motoci da matatar da aka toshe. A masu injekta shan mai bai sauya ba sosai, saurin tashi ne ya ragu, domin ƙwaƙwalwa tana ba da mai daidai da iskar da ta shigo. Mai kafireta ce ta ƙara sha. Ashe saurayin nan maganar 504 ya sayar mini a kan Corolla. Ƙarin da littafina ya nuna kuwa ƙafata ce, da ke neman jin ruri.

Baba ya ce a mayar da akwati. A nan ne na yi wautar da ta fi ta farko. Cikin darussa biyu na ɗauki ɗaya, na ce in zafi ne matsala ai sai a nemo sanyi. Na koma wurin saurayin aka ƙara tsawon bututun, aka saukar da matatar can ƙasa bayan bamba. In faɗi gaskiya, ta ɗan gyaru, musamman a babbar hanyar Ibadan in za a wuce tirela.

A daminar 2024, wata safiya aka kwana ana ruwa. Na ɗauko uwargida da yara, muka iske ruwa ya kwanta a wani kwari, bai fi rabin taya ba. Motoci irin tawa suna ratsawa a gabana. Na shiga, na ɗan taka totur, sai na ji ƙas, inji ya mutu. Na murza makulli, wanda shi ne bai kamata in yi ba. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa, fistin ya taso ya tarar da shi a silinda, sandar da ke riƙe da shi ta lanƙwashe. Muka fito cikin ruwa, ni da ƙaramin a kafaɗa, uwargida da takalma a hannu. Ba ta ce uffan ba sai da muka kai tudu, sa'an nan ta ce, "Maigida, waɗancan me ya sa tasu ba ta mutu ba?"

Da Baba ya kwance injin ya kira ni, ya shafa yatsa cikin bututun ya nuna mini jar ƙura, tsarabar tafiyarmu gida da hunturu, wadda ta ratsa matatar ta shiga tana cin ringi. Ya ce ko ruwa bai kashe shi ba, da ƙura ta sa shi shan baƙin mai. Kuɗin da muka tara na hayar gida su suka tafi wajen sayen wani injin na hannu, na shiga neman rance a ofis. Akwatin roba kuwa sai da Baba ya aiki yaronsa kasuwa sau biyu kafin a samo irinsa, na biya fiye da abin da na sayi bututun.

Ranar da na karɓo motar na shigo layinmu ba wanda ya leƙo. Ɗiyata ta tarye ni a ƙofa ta ce, "Baba, har yanzu ba ta warke ba? Ban ji muryarta ba."