Farautar Hunturu da Rigar Soja ta Gwanjo: Abin da Muke Dubawa Kafin Mu Saya



Da zarar an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, iska ta fara kaɗowa daga Arewa, mu da muka gaji farauta mun san lokacinmu ya yi. Wasunmu kan haɗa kaya su nufi gida tsakanin Disamba da Fabrairu, wasu kuma su shiga dazukan da ke kusa da inda muke zaune. Ko ina mutum ya nufa, sanyi na jiransa. Na Arewa busasshe ne mai tsaga leɓe da dunduniya. Na nan Kudu kuwa raɓa ce ke jiƙa mutum sharkaf kafin asuba. Wanda ya taɓa kwana a tsaunukan Jos ko Mambila ya san akwai sanyin da ke hana yatsa lanƙwasa.

Shi ya sa da yawanmu muke leƙa kasuwar gwanjo, Katangowa a Legas ko Ƙofar Wambai idan mun je Kano. Idan aka fasa dila, abin da ido ke fara kai wa shi ne tsofaffin kayan sojan Turai da Amurka. Ba mu ga laifin mai sha'awarsu ba. An ɗinka su ne domin mutumin da zai kwana a fili, ya ja ciki a ƙasa, ya ratsa ƙaya. Rigar sojan Amurka da ake kira M-65, wadda aka fara bai wa dakarunsu a 1965, tana da manyan aljihuna huɗu, da hula a naɗe cikin wuya, da shafi na ciki da ake ɓallewa idan rana ta ɗaga. Suwaitar ulu ta sojan Ingila, mai faci a kafaɗa da gwiwar hannu, takan shekara da shekaru ba ta yage ba. Kuɗinsu kuma bai kai na sababbin kayan sanyi masu irin wannan ƙarko ba.

Abin da muka fi dubawa shi ne yadin. Auduga tana shan gumi ta riƙe, shi ya sa wanda ya yi sassarfa bayan karnuka da rigar auduga a jiki, da ya tsaya sai sanyi ya kama shi fiye da wanda bai motsa ba. Ulu kuwa ko ya jiƙe yana riƙe ɗumi. Don haka muke sa kaya hawa uku: mara nauyi mai saurin bushewa a jikin fata, suwaitar ulu a tsakiya, sai riga mai tare iska a sama. Ranar hunturu tana da fuska biyu, da asuba ana rawar ɗari, da hantsi ana gumi. Mai riga ɗaya jibgegiya ba shi da zaɓi, mai hawa uku kuwa sai ya rage ɗaya ya jefa a jaka.

Bayan yadi sai ƙara. Mukan murza hannun riga kusa da kunne tun a kasuwa. Idan tana kwaramniya kamar leda, mu ajiye ta, domin gada na jin wannan tun daga nesa. Sai wari: kayan gwanjo suna zuwa da ƙamshin kafur da maganin da ake fesa wa dila, kuma hancin naman dawa ya fi namu nesa ba kusa ba. A wanke da sabulu mara turare, a shanya kwana biyu a iska. A duba zif da maɓallai da ɗinkin hammata. A ɗaga hannuwa sama a gani ko rigar ta takure kafaɗa. Takalmi kuma a gwada shi da safa mai kauri, kuma a yi ta yawo da shi a gari kafin ranar shiga daji.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar maganar ita ce launi da tambari. A Amurka shagunan rarar kayan soja a buɗe suke, kowa na iya saya ya sa. Nan ba haka abin yake ba. Sashe na 110 na kundin dokar laifuffuka da ake aiki da shi a yawancin jihohin Kudu ya hana wanda ba soja ba sa kakin soja, ko wani ɓangarensa, ko tufar da ta yi kama da shi. Rundunar soja ta sha jan kunnen jama'a a kan haka. Sojan da ke bakin shinge ba zai tsaya tantance cewa zanen ganyen da ke jikin mutum na Jamus ne ko na Najeriya ba. Ga kuma 'yan fashi da masu garkuwa da mutane da suka mayar da kakin soja abin ɓad-da-kama, har ta kai duk ƙauyen da ya hangi baƙo da irin wannan shiga, da bindiga a kafaɗa, ya riga ya yanke masa hukunci.

Ba mu manta da Uromi ba. A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a wannan gari na jihar Edo, suna hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano domin yin Sallah a gida, bayan an ga bindigogin farautarsu an ce masu garkuwa da mutane ne. Ba su aikata abin da ya halatta jininsu ba, kuma alhakin yana wuyan waɗanda suka kashe su. Amma abin ya nuna mana yadda zato ke gaba da tambaya a kan hanyoyin nan. Idan bindigar farauta kaɗai ta isa a yi wa mutum wannan fassara, ina ga an haɗa da kaki mai ɗabbare-ɗabbare?

Kuma ma dabba ba ta buƙatar a yi mata shigar soja. A jihohi da dama na Amurka doka ta tilasta wa mai farautar barewa sa riga mai launin ruwan lemo mai ɗaukar ido, don kada ɗan uwansa ya harbe shi bisa kuskure, kuma suna samun nama, saboda barewa ba ta bambance wannan launi kamar yadda mutum ke yi. Motsi da wari da ƙara su ne ke korar ta. Kakanninmu da warki da rigar saƙi da aka rine da ɓawon itace suka yi farautarsu, ba su dawo hannu rabbana ba. Tsuntsaye irin su fakara da zabon daji ne ke da kaifin ganin launi, su ma ruwan ƙasa ko ruwan toka ya ishe su.

Saboda haka ga abin da muka tsaya a kai. Muna sayen suwaitar ulu, da safa, da shafin ciki, da bargo, da safar hannu, domin waɗannan ɗumi suke bayarwa ba tare da sun nuna komai ba. Rigar sama mukan zaɓi mai launi ɗaya, ruwan ƙasa ko ruwan toka. Idan koriya ce irin ta bariki, mu kai wa marini ya sauya mata launi. Duk wata tuta, ko lambar girma, ko suna da aka liƙa, tela ya farke shi tun kafin a kai gida. Mai zanen ganye kuwa, ko kyauta aka ba mu, mun bar shi. A kan hanya kayan gida muke sawa, na daji suna cikin jaka, tare da katin shaida da takardar izinin bindiga. Idan mun sauka wuri, mu fara gaida Sarkin Hausawa da mai garin da 'yan sintirin yankin, su san da zuwanmu. Gandun da gwamnati ta killace kuma ba ma taka shi.

Muna roƙon iyayenmu sarakunan maharba su riƙa duba shigar yaransu kafin a fita, kamar yadda suke duba makamai. Riga ta ɗan kuɗi kaɗan ba ta kai a bar marayu a gida saboda ita ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kai kowa daji lafiya, Ya dawo da shi ga iyalinsa lafiya.