Wane Ƙauye Za A Sauka A Kan Dutsen Mambila?

Duk sa'ad da hutun makaranta ya ƙarato, a gidaje da yawa akan shiga shawarar inda za a kai yara su sha iska. Yanzu kuwa hotuna sun cika wayoyin hannu. Yarinya ta ga tudu kore shar da shanu a kai, sai ta kafe lalle can za a tafi. To, hoto ba ya nuna rijiya, ba ya nuna nisan asibiti. Maigida shi ke biyan kuɗin mota, amma uwargida ce za ta yi girki, ta yi wanki, ta yi jinya in yaro ya kwanta. Saboda haka da bakinta a wurin zaɓen masauki. Yau bari mu ɗauki dutsen Mambila, mu duba ƙauyukansa yadda mace ke duba atamfa kafin ta biya.

Mambila tana cikin Jihar Taraba, a Ƙaramar Hukumar Sardauna, daf da iyakar Kamaru. Dā ƙasar tana hannun Jamus, daga baya Ingilishi suka riƙe ta amana. A shekarar 1961 aka yi ƙuri'a, mutanen wannan yanki suka zaɓi su shiga Nijeriya, aka kuwa sa wa lardin sunan Sardauna. 'Yan makaranta, ku riƙe wannan, gama tambaya ce da ke fitowa a darasin tarihi. Tsayin dutsen ya kai kamar mita 1,600 daga bakin teku, wasu wuraren ma sun fi haka. Wannan tsayi shi ya kawo sanyin da ya yi suna.

Daga Jalingo tafiyar yini guda ce cur. Za ki wuce Bali, ki wuce Serti inda ofishin gandun dajin Gashaka Gumti yake, har ki iso Mayo Selbe a gindin dutse. Daga nan hanya ta shiga nannaɗewa kamar maciji, mota na nishi, kunne na toshewa. Kina kai wa sama sai ki ga duniya ta buɗe: tudu bayan tudu, ciyawa kamar shimfiɗa, shanu jajaye da farare ko'ina, ga dogayen itatuwan turare, waɗanda can ake kira zaiti, sun kewaye gidaje. Gani ya kori ji.

Gari na farko da za ki tarar shi ne Maisamari. Amfaninsa kusa da hanyar gangara, in wani abu ya taso ba a daɗe ba an sauka ƙasa. Amma wurin wucewar motoci ne, mai neman shiru sai ta ƙara gaba.

Gaba kaɗan akwai Yelwa, ƙaramin ƙauye a bakin hanya. Daga nan tafiyar da ba ta kai awa guda ba a ƙasa take kai mutum bakin kurmin Ngel Nyaki, wanda hukuma ta keɓe tun 1969. Abin mamaki, kina tafe cikin fili fetal, sai ga kurmi baƙi ƙirin ya maƙale a gefen kwari, da manyan itatuwa, da tsuntsaye iri iri, da birai, har da manyan nan masu kama da mutum, ko da yake su ba su cika yarda a gan su ba. Masana daga wata jami'a ta ƙasar Niyu Zilan sun kafa wurin bincike a bakin kurmin, mutanen ƙauyen kuwa suna aiki tare da su. Uwar da ke da 'ya mai son ilmin tsirrai da dabbobi, babu inda ya fi mata Yelwa. Sai dai ƙauye ne sosai, watau in ba ku da mai masauki da kuka sani, gara ku je da safe ku komo da yamma.

Nguroje ta fi girma, ta kuma fi tsayi, don haka sanyinta ya fi cizo. Garin shanu ne. Kindirmo da man shanu da nama ba sai an nema ba, akwai kasuwa, akwai masu Hausa da yawa, ga ƙauyuka kewaye da ita da za a iya zagawa a komo a yini. Kakara kuma ita ce garin shayi. Tun shekarun 1970 aka dasa ganyen shayi a can, layi layi a kan tuddai, an aske kansa daidai wa daida kamar an sa almakashi. Yarinyar da kullum take shan shayi da safe, ya kamata ta ga yadda ake tsinke sabon toho da hannu, a kai ma'aikata a busar. Can ƙarshen hanya kuma Gembu take, hedkwatar ƙaramar hukuma, kusa da kogin Donga. Ita ba ƙauye ba ce, amma nan babban asibiti yake, nan gidajen baƙi suka fi yawa.

To, yaya za a zaɓa? In da jariri, ko tsohuwa, ko mai juna biyu, ko mai ciwon asma, a sauka Gembu, a riƙa fita ƙauyuka da rana. In yara sun tasa kuma kowa lafiyayye ne, ni Nguroje zan nuna miki, gama ta haɗa kyan gani da kasuwa da hanya. In amarya ce da ango masu son shiru, su nemi wajen Kakara. Ko ina ne dai, kafin a ɗaura kaya a tambayi abu huɗu: wa zai sauke mu, ina ake ɗiban ruwan sha, yaya nisan mai magani, wace rana kasuwa ke ci. Matambayi ba ya ɓata.

Akwai tambaya ta biyar wadda ta fi su nauyi, watau zaman lafiya. A shekarar 2017 an yi mummunan rikici a kan dutsen tsakanin manoma da makiyaya saboda filaye, aka yi hasarar rayuka da dukiya. Kada a dogara da labarin bara. A buga waya ga mutumin wurin a makon da za a tashi, a tambayi halin gari da halin hanya, kada kuma a yi tafiyar dare.

Sa'an nan a lura da lokaci. Dogon hutu yana faɗawa tsakiyar damina, damina kuwa can doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba. Ciyawa ta yi kyau, amma hazo kan rufe hanya, jar ƙasa ta yi santsi, wanki ya kwana biyu bai bushe ba. Hutun Disamba ya fi dacewa: ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, ba a kuma gama ƙone ciyawa ba. Sai dai daren lokacin akwai sanyi ƙwarai.

Saboda haka uwargida ta tanadi bargo, da rigunan sanyi, da safa, da hula ga kowane yaro, da man kaɗanya domin kaushi. Ga gargaɗi guda da bai kamata a manta ba: kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. A ji ɗumi, a fitar da kaskon waje, kāna a kwanta. Madarar da aka tatso a tafasa ta kafin a ba yara, ruwan rafi ma haka. Sauro bai kai na ƙasa yawa ba, amma a tafi da gidan sauro. In kin ɗora wake kika ga ya ƙi nuna, kada ki zargi mai wake. A kan tudu ruwa yana tafasa tun bai yi zafi irin na gida ba, don haka girki ke daɗewa. Ki jiƙa shi tun dare. Dankalin Turawa, da gwaza, da ayaba, da fiya kuwa, su za ki ci ki more.

Daga ƙarshe, baƙo raɓa ne. Ki riƙe wa matar mai masauki 'yar tsaraba, ko turaren wuta, ko kilishi, ko turmin atamfa. Fulatanci ya fi yawo a kasuwannin dutsen, to ki koyi ko da "Useko", watau na gode. Ki hana yara tsallake shingen gona ko na makiyaya, gama batun fili ba abin wasa ba ne a can. Kada a ɗauki hoton mace sai ta yarda. Wadda ta kiyaye waɗannan, in za ta sauko har da rakiya da ƙwaryar man shanu.

Allah ya kai lafiya, ya komo da ku lafiya. Sai mako mai zuwa.