Yara na wasa, manya na maguɗi

Duk watan Agusta a nan Amurka, gidajen talabijin kan cika da gasar besbal ta yara 'yan shekara 10 zuwa 12 da ake yi a Williamsport ta jihar Pennsylvania. Ƙungiyar Little League ce ke shiryawa, wadda wani mutum mai suna Carl Stotz ya kafa a 1939 don yaran unguwarsu su samu abin yi. Ga wanda bai san wasan ba, mutum ɗaya ne ke jefa ƙwallo, wani ya doke ta da sanda, sannan ya ruga ya zagaye tashoshi huɗu kafin a dawo da ita. Ɗana mai shekara 10 yana bugawa a wata ƙaramar ƙungiya ta unguwa, shi ya sa kusan kowace Asabar ina bakin fili tare da sauran iyaye. Abin da nake gani a can ne ya sa na ce bari in ɗan yi rubutu, don wallahi matsalar wasan yara ba daga yaran take ba.

Masu horar da waɗannan ƙananan ƙungiyoyi yawancinsu iyaye ne 'yan sa-kai, ba a biyansu ko sisi. Wannan abin yabo ne, mutum ya taso daga aiki a gajiye ya zo ya tsaya cikin rana saboda 'ya'yan wasu. Amma a nan ɗin ma gizo ke saƙa. Koci yana da ɗa a cikin ƙungiya, to ɗan nan shi ne mai jifa, shi ne na farko a layin bugu, ko ya iya ko bai iya ba. Ɗan mataimakin koci shi ke biye. Abin ya yi yawa har Amurkawa sun laƙaba masa suna, wanda in ka juya shi da Hausa zai zama “ƙwallon baba”. Ka ga ke nan sanayya da alfarma ba mu kaɗai muka iya su ba.

Masu dokar sun san halin ɗan Adam, shi ya sa suka yi tanadi. A dokar Little League, wasa zagaye 6 ne, kuma dole kowane yaro da ya zo ya taɓa bugu aƙalla sau ɗaya, ya kuma tsaya a fili gwargwadon zagaye 2. Tun 2007 aka ƙayyade yawan jifa saboda kafaɗa da gwiwar hannun yara: ɗan shekara 11 ko 12 ba zai wuce jifa 85 a rana ba, ɗan 9 ko 10 kuma 75, in yaro ya yi 66 ko fiye sai ya huta kwana 4. Dokoki ne masu kyau. Sai dai wanda ya ƙudurta cin wasa ko ta halin ƙaƙa, zai bi dokar a takarda ya kashe manufarta a fili.

Na gani da idona. Akwai wani yaro ɗan siriri a wata ƙungiya da muka kara da ita, duk sanda ya zo bugu sai kocinsa ya yi masa alama kada ya ɗaga sanda. Dalili shi ne, a dokar wasan, in mai jifa ya kauce sau huɗu, mai bugu zai wuce tasha ta farko kyauta, kuma jefa wa gajeren yaro daidai yana da wuya. Ƙungiya ta samu riba, yaro kuma ya gama kakar wasa bai koyi abin da ya kawo shi ba. Da zagayensa 2 sun cika sai benci. Ba a karya doka ko ɗaya ba fa, amma ka dubi fuskar yaron nan ka gaya min an yi masa adalci.

Wani lokacin abin kan wuce nan. A 2005, a Pennsylvania ɗin dai, an kama wani koci na 'yan ƙananan yara da zargin ya yi wa wani ɗan shekara 8 tayin dala 25 don ya jefi abokin wasansa mai lalurar galahanga da ƙwallo, saboda kada dokar sa kowa a wasa ta tilasta masa sa shi. A 2006 kotu ta same shi da laifi, aka yanke masa ɗauri. Don Allah ku duba, babban mutum da hankalinsa, a kan wasan da ko kwabo ba a ci.

Sai maguɗin takardu, wanda mu 'yan Najeriya ba sai an yi mana dogon bayani ba. A gasar 2001, wata ƙungiya daga unguwar Bronx ta New York ta zo da wani mai jifa da ya gagari kowa, har ya yi wasa guda cur ba wanda ya kai ko tasha ta farko. Bayan gasa bincike ya nuna shekararsa 14, ba 12 ba, aka soke duk nasarorinsu. A 2014 ƙungiyar Jackie Robinson West ta Chicago ta zama zakarar Amurka, sai Koriya ta Kudu ce ta doke ta a wasan ƙarshe. A Fabrairun 2015 aka ƙwace kambun, don an gano manya sun taɓa taswirar iyakar yankinsu sun shigo da yaran da ba na nan ba. A 2011 yaran Yuganda sun cancanci zuwa gasar, aka hana su biza saboda saɓani a takardun haihuwa, sai a 2012 wata ƙungiya daga Lugazi ta zama ta farko daga Afirka da ta taka filin. A duk waɗannan, wane yaro ne ya zana taswira ko ya cike fom? Manya suka aikata, yara suka kwashi kunya.

Mu ma a gida ai mun sha wannan. A gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Najeriya a 2009 FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru, kuma a 2016 'yan wasanmu 26 suka faɗi wannan gwajin ana dab da karawa da Nijar. Duk gemun da aka aske aka shiga layin yara, akwai wani ɗan shekara 15 na gaskiya da aka bari a gida yana kallo.

Na san abin da wasu za su ce: ai wasa don a ci ake yi, kuma rayuwa ma ba ta raba daidai. Gaskiya ne yara na son ci, nawa ma in sun sha kashi har gida ba ya magana. Kuma akwai ƙungiyoyin zaɓaɓɓu da ake tantancewa kafin a shiga, a can kowa ya san iyawarka ce za ta sa ka a fili. Amma ta unguwa an buɗe ta ne ga kowa, kuɗin rajista ɗaya kowane uba ya biya. Sannan yaro ɗan shekara 9 ba a san inda zai kai ba. Wanda yau ƙwallo ke zille masa, bayan shekara uku yana iya fin kowa, in dai bai gaji da zaman benci ya daina zuwa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma abin da ake tanƙwarawa a filin nan ya haɗa da hali. Yaron da ya ga kocinsa na zagin alƙalin wasa, wanda sau da yawa shi ma matashi ne ɗan sakandare, ko ya ji an ce ya yi shiru a kan shekarunsa, ya koyi darasi, kuma da shi zai girma ya shiga ofis ko kasuwa.

Abin mamaki, in aka ƙyale yaran sun fi mu sanin ya kamata. A Agustan 2022, a wasan share fage a garin Waco na Texas, wani mai jifa ya sami ɗan ƙungiyar Oklahoma a ka bisa kuskure. Yaron ya tashi lafiya, ya isa tasha ta farko, sai ya hango wanda ya jefe shi yana kuka. Ya baro wurinsa ya je ya rungume shi yana lallashi, alhali wasan ne zai tantance wanda zai je Williamsport. Ba wanda ya umarce shi.

Don haka roƙona ga duk mai riƙe da yara, ko besbal ne a nan ko ƙwallon ƙafa a filin makarantar unguwa a Kano ko Damagaram: ka rubuta wanda ya buga da wanda ya zauna, ka riƙa juyawa. Ɗanka ma ya ɗanɗana benci kamar kowa. Takardar haihuwa a bar ta yadda Allah ya yi ta. Mu iyaye kuma in mun ga ba daidai ba, mu sami koci a gefe bayan wasa mu yi magana cikin mutunci, ko da ba ɗanmu aka zalunta ba. 'Ya'yan mutane amana ne. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ikon yin adalci ko a wasa ne.